Takardar Ɗantala

Ya sauka tasha da hantsi, rana ta fara cizo,
Jaka a kafaɗa, takarda a hannu,
An jera wurare tara da jan biro.
Na ce, "Sunana Bube, hau babur,
In nuna maka abin da ake kira gari."

Hubbare muka fara. Mun tuɓe takalma a ƙofa,
Ƙasa ta gasa tafin ƙafarsa, bai ce uffan ba.
Ga mutanen Agadas, ga wata tsohuwa daga Yola
Ta ƙulle guzurinta a bakin zane.
Kowa murya ƙasa-ƙasa,
Har tattabarun soro sun koyi haƙuri.

Ya soke layi ɗaya.
A Kanwuri ya ɗauki hoton ƙofar fada,
Ya soke na biyu da sauri.

Gidan tarihi: sulke, kwari da baka,
Tambarin da fatarsa ta gaji da magana,
Wasiƙun ajami masu launin ƙasa.
Masu rubutun sun daɗe da kwanciya,
Tawadar na nan tsaye tana ba da labari.

"Ina Ƙofar Taramniya?" Na taka birki: "Ga ta."
Ya duba, sai mai faci, mai shayi, mai cajin waya.
"To ina ganuwar?"
Na ce, "Damina ta ci rabonta, magina sun ci nasu,
Suna ya rage, shi ba ya jin gatari."

Azahar ta same mu Shagon Goro.
Ranar Sakkwato ba ta san baƙo ba,
Sai da ƙwaryar fura ta shiga tsakani,
Nono mai tsami, ludayi biyu, ya dawo hayyacinsa.
Kasuwar Kara: albasa tsibi-tsibi,
Raguna kamar jakai, raƙumi yana harararmu.
Maƙera Assada: guduma na amsa guduma,
Ya sayi wuƙa, an zuga shi, bai nemi ragi ba,
Na kau da kai, ban tona asiri.

Nan ya ninke takardar, ya yi shiru.
Ya ce, "Akwai wurin da ban rubuta ba.
Babana ya bar garin nan yana saurayi,
Bara muka binne shi a Jos.
Bai taɓa faɗin unguwarsu ba.
Sai dai in ya tsinci bagaruwa a hanya,
Ya murje ta, ya shinshina, ya daɗe tsaye,
Ranar ba ya cin tuwo, ko da an sa marmari."

Ban tambaye shi komai ba. Na juya babur.

Majema tun daga nesa take gaisuwa.
Baƙi kan toshe hanci, su ce mu wuce,
Shi ko ya sauka, ya buɗe ƙirji.
Ramukan toka, ruwan bagaruwa, jan karan dafi,
Fatun jajayen awaki a shanye kan igiya,
Ya tsaya tsakiyarsu yana shaƙar wari.

Wani tsoho, Modi, hannu rine har gwiwa,
Ya ɗago, ya dube shi sama da ƙasa:
"Yaro, wagga tsayuwa na san ta.
Kai ɗan wa na?"
Ya faɗi suna. Tsoho ya saki fatar hannunsa.
"Ladan Gajere! Ramin nan nashi na.
Zamna." Aka jawo turmi, aka aika cikin gida,
Mata suka leƙo, wata ta fasa guɗa,
Wata ta fasa kuka, duk a wuri.

Na jira har magariba, fasinja uku suka wuce ni.
Layi biyu suka rage bai soke ba:
Faɗuwar rana a gadar Kwalkwalawa,
Da kilishin tsaraba.
Ya leƙo ya ce, "Bube, gobe."
Na ce, "Gulbin Rima ba ya ƙaura."
Kuɗin mai kawai na karɓa.
Takardar kuwa na gan ta a bakin rami,
Ta sha ruwan bagaruwa,
Jan biron ya narke, ba a gane tsari.